Finjali na Biyu

Tun da na auri Hajiya ban taɓa kaiwa finjali na biyu ba. A nan Mai Wurno, in mace ta soya gahawa, ta daka, ta ɗora jabana, ɗan tulun dafa ta, a kan gawayi, zama ake yi sai an ga ƙarshenta. Ni kuwa da na kurɓi na farko sai ƙafata ta tuna wani abu: ruwan gona, ko akuya, ko gardamar da na bari a ƙofar masallaci. Haka na yi wa makaranta ma. Malam ya juya baya, ya juyo ya tarar da takalmana.

Hajiya ba ta taɓa yin faɗa ba. Sai ta juye sauran a gindin lemo. Amma na san abin da ta yanke a ranta: zama da ita ne ba na so.

Wata Juma'a ɗiyarmu da ke aure a Sinnar ta zo. Ta ce akwai tambayoyi a intanet da babba ke gwada kansa da su, ko yana da larurar rashin natsuwa da yawan motsi. Tana karantawa daga talafon da Larabci, tana juya mini zuwa Hausa.

"Baba, kana kasa zama wuri ɗaya?"

"Ni? Abadan."

"A tsaye yake ba ki amsa," in ji Hajiya.

"Kana manta inda ka ajiye abu?"

"Jefi-jefi."

Hajiya ta ce, "Jakinsa ya manta a kasuwar Dindir. A mota ya dawo, yana ta murna ya iso da wuri."

Muka yi dariya. Sai ɗiyar ta karanta: "Ana maka magana ido da ido, hankalinka ya gudu?"

Wannan karon Hajiya juyowa ta yi ta dube ni.

"Kullum," na ce. "Ko da wanda na fi so ne."

Hajiya ta ajiye finjali. "Har wannan yana ciki? Akwai wasu mazan haka?"

"Da mata ma, Inna. Amma talafon ya ce shi ba likita ba ne, sai an duba shi."

"Ashe ba ni ba ce," ta ce a hankali.

Washegari da ta ɗora jabana sai ta miƙo mini mafici.

"Malam, fifita wutar. In hannu na aiki, ƙila sauran jikin ya zauna."

Na yi ta fifita har toka ta rufe mini gemu. Na sha na biyu. Bai kai na farko ƙarfi ba, amma ban faɗa mata ba, don tana kallona.

Likitan kuwa, an sa mini rana, na manta. Hajiya ta ce wannan karon da ita za a je, ta riƙe mini gefen riga.