Sai Abin da Yaya Ya Ce

Da aurena ya mutu, alƙali ya raba mana rainon 'yarmu yadda kowa zai samu nasa. Ranakun makaranta tana wurina a unguwar Bani Malik, ƙarshen mako tana wurin ubanta. Fita da ita ƙasar waje kuwa sai da yardar mu biyun. A lokacin ko a jikina, don ba ni da inda za ni. A Jidda aka haife ni, Kano a bakin mahaifiyata kawai na san ta.

Mahaifiyata ta koma gida Kano tun ina da cikin yarinyar, ba ta taɓa ɗaukar jikarta ba. Sai ga shi an bugo mini waya cewa jiki ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai ta jikar nan. Na garzaya ofishin masu yankan tikiti. Mutumin da ke wurin ya ce iƙamar yarinya, wato takardar zamanta, a ƙarƙashin ubanta take, don haka shi zai buɗe wayarsa ya danna mata izinin fita da dawowa. Ya ce, "Abu ne mai sauƙi, ya danna, halas, shi ke nan."

Na kira uban. Yana aiki a wani wurin gyaran kwale-kwale a Abhur, can bakin teku, ina jin ƙarar injina a bayansa. Ya yi wa mahaifiyata addu'a mai tsawo. Da na zo kan batun tafiya da yarinya sai ya ce, "To, ki yi magana da Yaya."

Na ce, "Malam, kai ne ubanta."

Ya ce, "Ki dai yi magana da Yaya."

Yayan nasa tela ne, shagonsa ba nisa da mu. Na je na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa komai. Ko allura bai ajiye ba ya ce, "Haba ƙanwata, wannan har sai an tambaya? Ku tafi, Allah ya ba ta lafiya." Na koma ofis da murnata. Mutumin ya dube ni ya ce wane ne kuma Yaya? Hukuma ba ta san wani Yaya ba, uba ta sani.

Haka na yi ta zagaye kamar jakin niƙa. Uba ya tura ni wurin Yaya, Yaya ya ce ai ya riga ya yarda, ofis ya mayar da ni wurin uba. Babu wanda ya ce mini a'a, kuma babu izini. Da a ce mutumin nan ya fito fili ya hana, da na san kotun da zan nufa. Amma me zan faɗa wa alƙali? In ce ya yi wa uwata addu'a? Raina ya ɓaci, kaina ya ɗaure, na fara zargin ramuwa yake yi don ni na nemi saki.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta ji ina ta bambami a matakala, ta kira ni. Da na gama ta kwashe da dariya. Ta ce, "Ku 'yan Jidda sai a hankali. 'Yar fari ce fa. Alkunya yake yi. A garinsu mutum ba ya nuna iko a kan ɗan fari, na yayyensa ne da iyayensa. Ya ce ya yarda da bakinsa, ai ya yi rashin kunya."

Na san da al'adar, mahaifiyata ta sha ba mu labari, amma na ɗauka can aka baro ta. Sai na tuna duk zamanmu ban taɓa jin ya kira sunan yarinyar ba, kullum "'yar Yaya". Ni kuwa daga tagar bene nake ƙwala mata kira, danginsa suna kallona ta gefen ido. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Kunya ce, ko tsoro yake kada in tafi da ita in ƙi dawowa, ya samu al'ada ya ɓuya a bayanta? Dattijuwar ta ce wataƙila duka biyun.

Ranar Juma'a bayan masallaci na roƙi Yaya ya haɗa mu a shagonsa. Yarinyar tana tare da ubanta, don ranarsa ce, sai ya zo da ita. Ta zauna a kan tarin yadi tana wasa da zare.

Yaya ya ce, "Kai, me ya hana ka yi wa baiwar Allah abin da ake nema?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni ba ni da ta cewa a kanta."

Na ga yarinyar ta daina wasan. Larabci ya fi zama a bakinta, amma Hausa ba ta wuce ta. Yaya ya ce a ba shi wayar. Uban ya buɗe ta ya miƙa da hannu biyu, ya juya yana kallon titi. Ni na nuna wa Yaya inda zai taɓa, ya ɗaga gilashinsa ya danna. Wayar uba, yatsan Yaya, hukuma ta ce uba ya yarda. Na rasa wanda zan yi wa godiya, sai na yi wa Yaya.

Ranar tafiya uban ya aro mota ya kai mu filin jirgi. Shi ya ɗauki akwatuna, shi ya tura su har inda ake awo. Da muka zo ƙofar da 'yan rakiya ke tsayawa, yarinyar ta riƙe hannun rigarsa ta ce, "Baba, kana so in dawo?"

Bai dube ta ba. Ni ya duba, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Ki ce mata akwai sanyi a cikin jirgi, ta sa rigar sanyinta." Ya zare hannunta a hankali ya tafi.

Da jirgi ya tashi, teku ya bayyana a ƙarƙashinmu, sai yarinyar ta juyo gare ni. Ta ce, "Ummi, ma fahimt, ban gane ba. Eh ya ce ko a'a?"

Na ce, "Eh ya ce."

Ta jingina da kafaɗata. Har yau ban sani ba ko fassara na yi mata ko ƙarya.