Kwanson Harsashin da Ya Wanke Ni

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da bindigar wani ta kusa korata daga Dubai ba.

Lokacin watana uku da kama aiki a wani kulob na wasan harbi a bayan gari, kullum ina sammako daga unguwar Al Qusais. Aikina in tara kwanson harsashin da aka harba, in matse shi a inji ya koma daidai, in sake ɗura shi. Kwatsam kwanson wani Balarabe, babban mamba, ya fara tsagewa bayan ɗuri biyu. Ya shigo yana huci, wai albarushi nake cikawa, ko a sallame ni ko ya bar kulob. Bizata kuwa a hannun kulob take. Wallahi na tsorata, har na fara shirya abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Maigidana dattijo ne, Bahaushen Sudan, muna ce masa Baba, ko gobara ake ba ya gaggawa. Ya ce, "Ɗana, shwaiya shwaiya, bi a hankali. Kawo kwanson bindigarsa da na sauran."

Allah Ya taimake ni da wata ɗabi'a da abokan aiki ke mini dariya a kai: kowace bindiga da gwangwaninta, ba na gauraya kwanso. Na jera su a tebur. Na sauran sumul, na Balarabe ya yi tumbi wajen gindi. Baba ya ɗauki ɗaya daga masu tumbin ya gwada a wata bindiga irinta, ta ƙi rufuwa.

Ya dubi Balaraben ya ce, "Habibi, ɗurinka da na kowa iri ɗaya ne, makwancin harsashin bindigarka ne ya yi faɗi. Kwanso ya kumbura, mu matse, ya sake kumbura, dole ya tsage. Me kake sa mata?"

Balaraben ya sosa gemu, ya ce duk mako yana goge wurin da samfefa a bakin injin huda, don ya yi ƙyalli. Baba ya juyo ya ce mini da Hausa, "Ka ji tsaftar da ta cinye kwano." Dariya ta ƙwace mini, na mai da ita tari.

Balaraben mutumin kirki ne dai. Ya riƙe hannuna a gaban kowa ya nemi gafara, ya ce khalas, magana ta ƙare, daga yau ni zan riƙa goge masa ita.

Tun ranar, in an ɗora mini laifi, ba na saurin rantsuwa, ba na kuma saurin sunkuyar da kai. Cewa nake a kawo kayan a duba.