Mintsinin Gwaggo Ermelinda Mai Tanderu

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk Alhamis ɗin da ke gaban Ista, hayaƙin Gwaggo Ermelinda ke riga kowa tashi a ƙauyenmu. Ta hura tanderun unguwa da itacen zaitun, ta share toka, ta zura hannu ta ji zafi. Kafin hantsi mata sun jeru da kwaɓin burodin cuku, kowacce da alamar gidanta a kai: wannan ƙwayar wake, waccan ganye biyu.

Ladanta tun kaka da kakanni mintsini ɗaya ne daga kowane kwaɓi. Ni dai na ga jiya na ga yau, ban ga inda mintsini bai jawo magana ba.

Shekarar da ƙwai ya yi tsada, Ottavia matar mahauci ta ce a gaban mata, "Gwaggo, yatsun nan naki kullum girma suke. Mintsini ne ko yanka?"

"Kwaɓinki ne ke ramewa, 'yar nan. Ƙwai shida kika fasa, kina ce wa mutane goma."

Aka yi dariya, amma maganar ta zauna. Wasu suka fara kai kwaɓinsu garin gaba, ana raɗa wai tsohuwa ta zama ɓarauniya. Ita kuwa ta ci gaba da mintsininta.

Gidan da aka yi rasuwa ba ya kwaɓa burodin Ista a shekarar, kowa ya sani. Da shekara ta zagayo, mahauci ya rasu. Ranar Asabar, ana wucewa coci da kwandunan burodi don Fada ya sa musu albarka, Ottavia na zaune da 'ya'yanta, kwando wayam. Sai ga sallamar Gwaggo, ga burodi a hannunta.

"Gwaggo, ai ban kawo kwaɓi ba."

"Gida talatin sun kawo miki. Kina tsammani ni nake cinye mintsinin, da haƙora huɗu? Tashi ki kama layi, kuma ki yi shiru kamar waɗanda suka riga ki."

Ottavia ba ta iya shiru ba, shi ya sa muka sani.

Bana gwiwar Gwaggo ta ce ya isa. Gwaggo, ke ce kika yarda a kira ki ɓarauniya don kada a nuna gidan wani da yatsa. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma masu sayo burodi a kanti, in kun sayo, ku sayo biyu. Layinku ba ya rasa ƙofar da babu hayaƙi.