Babban Yatsan Baba da Hannun Gem

Duk Fagge babu wanda ya tsani gem ɗina kamar Baba. Na gama jami'a, aiki ya ƙi samuwa, sai na tare a falo ina buga ƙwallo a talabijin. In ya dawo daga shagonsa na atamfa a Kantin Kwari ya tarar da ni, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Yau nawa aka ci mana?" Baba mutum ne mai baki, da shi yake ciniki, da shi yake faɗa, da shi yake sa Inna dariya har ta ƙone miya.

Bakin nan shi ciwon ya fara ɗaukewa. Ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, muka dawo da shi daga asibiti yana ji, yana gani, yana gane kowa, amma ko sunan Inna ba ya iya kira. Muka ba shi biro a hannun hagu, rawar hannu ta hana. Muka ba shi waya, yatsa ɗaya ya danna haruffa uku. Ya yi jifa da ita, ya juya fuska bango.

Wata rana ina gem a gefensa, don a lokacin babu mai yi mini gori, na ga babban yatsansa na hagu yana motsi a kan bargo, yana bin ɗan wasana. Na sa masa hannun gem ɗin. Yatsan ya zauna a kan 'yar sandar juyawa, ya tura dama, ya tura hagu, babu rawa ko kaɗan.

Ina da aboki mai gyaran gem a Sabon Gari, Kirista ne ɗan wajen Zariya, tare muka yi makaranta. Na kai masa na'urar gem ɗin na ce, "Kwamfuta nake so ka mayar mini da ita." Ya ce an taɓa yi, amma in ta mutu kada in zo masa da kuka. Ya ɗora mata tsari irin na kwamfutar ofis, ya sa manhajar rubutu, ya fito da haruffa manya-manya a ƙasan allo yadda za a bi su ɗaya bayan ɗaya da hannun gem. Ƙwallona duk ta tafi, ban ko tambaye ta ba.

Abin da Baba ya fara rubutawa a talabijin ɗinmu shi ne, "Malalaci, gyara min matashi." Na yi dariya, na fita tsakar gida na yi kuka.

Sai dai Inna ba ta karanta boko. Makarantar allo ta yi, ajami take karantawa, kuma da kyau. Don haka duk abin da Baba ya rubuta, sai ta waiwayo ta ce, "Me Alhaji ya ce?" ni kuma in karanta. Ruwa, magani, a rage fanka, waɗannan duk ba matsala. Amma sau da yawa yakan kalle ta, ya fara jera haruffa, sai ya tuna ta bakina za su bi, ya goge. Wane uba ne zai faɗa wa matarsa maganar zuciya ta bakin ɗansa? Na ce zan karanta ba tare da na ji ba. Ya harare ni, kuma da gaskiyarsa.

Shi da kansa ya rubuta, "Kai na'urar a sa haruffan Larabci." Na ce, "Baba, za ta kwana biyu a can, da me za ka yi magana?" Ya rubuta, "Wadda na yi da ku ta isa. Kai ta."

Kwana biyun nan ya zama mako da wani abu. Da farko haruffan suka fito a warwatse, suna tafiya ta hagu kamar boko. Abokina ya sake ɗora komai daga tushe, wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Kullum ina hanyar Sabon Gari, kullum ina masa masifa, shi kuma yana cewa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, ni ma Baba ne a wurina." A cikin kwanakin nan ciwon ya sake bugun Baba.

Ranar da na shigo da na'urar, haruffan suna haɗuwa tsaf daga dama, na sa masa hannun gem kamar kullum. Yatsan ya kwanta a kai, bai motsa ba. Baba ya kalli yatsan, ya kalli allon, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ban taɓa jin tsanar wani abu ba kamar yadda na tsani farin allon nan.

Inna ta ce, "Fita ka ja mana ƙofa."

Ta labulen taga na hango ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba a gabanmu. Ta ɗora yatsanta a kan nasa, tana turawa a hankali, tana kiran haruffa kamar mai biya wa yaro karatu. "Alif ne, Alhaji? Ba ne? In shi ne ka rufe ido." Na bar wurin.

Har aka kira la'asar ba ta fito ba. Da ta fito na leƙa, allon fari fat. Ta ce duk harafin da ta kira sai ya rufe ido, don hawaye ba su bar shi ya buɗe ba.

Baba ya rasu a ƙarshen watan. Bayan an share makoki, ina naɗe wayoyin na'urar, na tambaye ta ko tana da wani zato a kan abin da ya so faɗa mata.

Ta ce, "Na sani mana. Shekara nawa muna tare? So na yi dai ya faɗa."