Farin Garin Cikin Ƙwan Lantarki

Shekarar da ciyawar kacalla ta toshe mana hanyar ruwa, maigidana ya shiga yankanta da sauran manoma, lauje ya sare shi a ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara wari. Ga shi shinkafa na jiran sa a fadama, shi kuwa ko taka ƙasa ba ya iyawa.

Goggonsa ta zo dubiya daga Miga, ta leƙa ƙafar ta ce, "Ke da ke da shagon ɗinki? Fasa dogon ƙwan lantarki da ya mutu, ki barbaɗa masa farin garin nan na ciki. Haka muke yi, tsaf yake busar da ciwo."

Kash! Da safiyar ranar na bayar da nawa guda biyu. Akwai wani dattijo da ke bin shaguna da kemis-kemis yana karɓar matattun ƙwayaye, ya naɗe su a kwali, in sun taru ya kai Kano wurin masu sarrafa su. Na zari mayafi na bi shi, na same shi bakin kasuwa yana ɗaure kaya a babur.

"Baba, ba ni ƙwayayena, magani zan yi."

Da ya ji maganin, sai ya dafe kwalin. "'Yata, ba zan ba ki ba."

Kai, ranar na zazzaga masifa! Kayana, a hana ni? Har da ce masa mai kwaɗayin bola. Ya naɗe ƙafar wandonsa kawai, na ga wani rami a ƙwaurinsa, fatar ta tattare baƙi ƙirin.

"Ni ma garin nan aka zuba mini," ya ce. "Akwai gubar zaiba a ciki, ga ɓurɓushin gilashi. Da ƙyar likita ya bar mini ƙafar. Ina gidan?"

Ya sauke kayansa a shagon wani, ya ɗauko maigidan a babur zuwa asibiti, ni ina biye a wani babur ina ta huci.

Har yau in na tuna bakin da na yi masa, kunya nake ji, kuma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Ranar da aka kwance bandejin ƙarshe, maigidan ya miƙe ya taka har ƙofar gida ba sanda, ni kuwa na zauna a tabarma na yi ta kuka.