Motocin Rufus Biyu

Mijina Rufus mai gyaran rediyo ne a Majidaɗi, amma in ka tambaye ni, rediyon shi ne aikinsa na biyu. Na farko shi ne ƙera 'yan motocin wasa masu rimot daga tarkacen da mutane suka zubar. Mutum da gemunsa, ya durƙusa a tsakar gida yana bin gwangwani!

Biyu ya fi ji da su, duk ya shafa musu jan fenti iri ɗaya. Ɗaya injin tsohon kaset ya sa mata. Irin wannan injin, in ji shi, yana da 'yan gawayi biyu masu gugar cikinsa, shi ya sa take ƙara, take gudu, kana hango tartsatsi shuɗi ta ramin gefe. Ɗayar kuwa injin fankar kwamfuta ne da wani ofis ya yar. Babu gawayi, babu tartsatsi, babu ƙara, kuma babu gudu. Kunkuru nake kiranta. In ba a kunna su ba, ba a bambance su.

Shekarar da wahalar mai ta yi tsanani, maƙwabcinmu Hammanjoda ya shiga sayar da fetur a galan, yana tara jarkoki a sito na gidan hayarmu. Na yi faɗa har na gaji.

Wata rana ina tankaɗe, wari ya buge ni. Hammanjoda ya fito da gudu yana cewa, "Useni, don Allah, kowa kashe wuta, jarka ya fashe!" Na watsa wa murhu ruwa, na juya neman 'yarmu Godiya, mai shekara huɗu. Ba ta nan.

Rufus ne ya gan ta. Tana zaune a cikin siton, fetur ya jiƙa mata riga, rimot a hannunta, jar mota a gabanta cikin kwatar man. Wacce ce a cikin biyun? Shi kansa bai sani ba. Na gani a fuskarsa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na buɗe baki zan kurma ihu, ya toshe min da hannu.

"Mama Godiya, kar ki yi," ya ce a hankali. "In ta firgita za ta matsa rimot."

Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba.

"Godi, kawo wa Baba. Kar ki taɓa komai, kawo."

Ta zaci wasa ne. Ta yi dariya, ta danna.

Na rufe ido ina jiran ƙara. Shiru. Da na buɗe, Kunkuru ce ke rarrafowa cikin man, har ta zo ta daki gwiwarsa. Ya sure yarinyar ya fito, ya zauna daɓas a ƙasa yana haki.

Godiya ta ɓata fuska. "Baba, wannan ba ya gudu. Ni ina so ɗayan."

Sai da na wanke ta na canza mata riga ya iya tashi. Ya ɗauko mai gudun daga ƙarƙashin benci, wadda ya fi so a duniya, ya sa ta a turmina, ya ɗauki taɓarya. Godiya tana kuka, shi ma yana kuka, bai daina daka ba.