Madubin Farauta Da Ya Raba Ni Da Makka

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, a wani ɗan gida da mahaifina ya gina a gefen dutse. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka taso, suka biyo ta Sudan, suka yi aikin hajji, ba su koma ba. Mahaifina tela ne, ya rasu ina saurayi. Umma ce ta riƙe gidan da sayar da fura da ƙosai. Ba zan ce an bar ni babu tarbiyya ba. Na yi karatun Alƙur'ani gwargwado, ina sallah a kan lokaci, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Ciwona guda ne tun ina ƙarami, ba na iya ganin abu mai kyau a hannun wani in ji daɗi.

Ina da ɗan uwa Habibu, ɗan ƙanwar Umma, wadda muke kira Inna Rabi. Na girme shi, Yaya yake ce mini. Ni na koya masa tuƙi, ni kuma na fara kai shi Mina lokacin hajji, inda muke dakon kaya da ruwa a tantunan alhazai. A can hannuna ya fara lalacewa. Abu na farko da na ɗauka kwalbar turare ce, ta wani alhaji da ya tafi jifa. Ba buƙatarta nake ba, haushi kawai na ji da na ga yana da irinta har cikin jaka. Daga turare na koma caja, daga caja na koma agogo da waya. Habibu ya taɓa ganina, ya ce, "Yaya, baƙin Allah ne fa." Na ce ya rufe mini baki.

Mai motocin da muke wa aiki wani Balarabe ne, Abu Majid. Yana da gona da garken tumaki a hanyar Ɗa'if, can bayan iyakar Harami. Da aka gama hajjin wata shekara ya ce yana neman direba na dindindin. Na wanke jallabiyata na shafa turare, na je da Habibu don ya raka ni. Abu Majid ya dube mu su biyu, ya ce wa Habibu ya zo masa ranar Asabar. Daga baya na ji an gaya masa hannuna ba ya zama wuri ɗaya. A lokacin ban ga laifina ba. Abin da na gani shi ne na kai yaro rakiya ya dawo da aikina.

Abu Majid ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a gaban hukuma, ya gyara masa iƙama, takardar izinin zama, ya ba shi mota. Habibu ya fara shigo wa Umma da nama da dabino daga gona. Duk sanda ta ce "Allah ya yi maka albarka, Habibu," sai in kau da kai. Ina ci, ina kuma zaginsa a zuciyata.

Kyarkeci da karnukan daji suka addabi garken, sai Abu Majid ya sayo wani madubi na ɗorawa a kan bindigarsa, wadda yake da lasisinta. Larabawa na ce masa darbil harari. Ba haske yake nema ba, zafin jikin abu mai rai yake gani. Wata rana Habibu ya ɗauke ni zuwa gonar, bayan magariba ya fito da shi daga akwatinsa ya miƙa mini.

"Yaya, duba wajen wancan dutsen."

Da idona ban ga komai ba sai duhu. Da na kanga madubin sai na ga tumakin farare fat, kowace da numfashinta. Na ga zomo a ƙarƙashin ƙaya, na ga duwatsun da rana ta gasa suna ta sheƙi. Har injin motar da muka zo da ita yana haske. Na daɗe ban sauke shi ba.

Muna haka Abu Majid ya fito. Ya dafa kafaɗar Habibu ya ce mini da Larabci, "Wannan ɗana ne. 'Ya'yan cikina ma ban yarda su taɓa darbil ɗin nan ba, shi kaɗai na ba amana." Habibu ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na yi dariya na ce masha Allah. A hanyar komawa gida na ɗaure fuska. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce kaina ke ciwo.

Daga ranar ba ni da wani tunani sai na maganar nan, wannan ɗana ne. Ina so ku fahimce ni, ba farauta nake sha'awa ba, ban ma taɓa riƙe bindiga ba. So nake in ga Abu Majid ya dubi Habibu irin duban da ya yi mini.

Dama ta zo wata Juma'a. An aiki Habibu ya kai madubin wajen mai gyara a cikin gari don maɗaurinsa ya saki, ya tarar shagon a rufe, ya biyo ta gidanmu ya gaida Umma. Ya bar mukullin mota a kan tabarma ya tafi masallaci a ƙafa. Na ce ya yi gaba zan iske shi. Liman na huɗuba, unguwa shiru, na buɗe motar na ɗauke akwatin, na ɓoye shi bayan tankin ruwa a saman gidanmu. Na mayar da mukullin inda yake. Na ma samu raka'a ɗaya, a sahu ɗaya da Habibu.

Da ya gano akwatin ba ya nan, sai ya zauna a ƙasa kusa da taya ya riƙe kansa. "Yaya, na shiga uku. Me zan ce wa mutumin nan?" Ni na taya shi nema. Ni na ce wataƙila yaran unguwa ne.

Irin wannan madubi ba abin da ake shiru a kansa ba ne, don in ya faɗa hannun mugu mai shi za a fara tambaya. Abu Majid ya kai ƙara wajen shurɗa, 'yan sanda ke nan. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle ƙofa ba, saboda haka Habibu suka tsare. Inna Rabi ta zo gidanmu tana kuka. Umma ta ce in raka su wajen Abu Majid su ba shi haƙuri. Na je. Ya ƙi fitowa, ya aiko a ce mana ya ɗauki yaron kamar ɗa, ya ci amanarsa. Su biyu suna kuka a mota, ni kuwa, Allah ya yafe mini, sanyi nake ji a ƙirjina.

Da yamma na hau saman gida na kunna madubin. Na yi ta latsa maɓallansa ban san aikinsu ba. Na dubi Nakkasa, na ga mutane farare suna hawa da sauka a lunguna, na ga kuliyoyi a kan bango. Ina dubawa ina magana ni kaɗai, ina dariya.

Ban iya ajiye shi ba, don tsoron kada Umma ta hau shanya ta gani. Wani makanike ya haɗa ni da wasu samari masu farautar dare, masu shiga dajin da hukuma ta hana su kashe barewa. Suka karɓa ba tare da tambaya ba. Ba a daɗe ba jami'an kula da daji suka kama su da barewa a bayan mota. Lambar da ke jikin madubin ta nuna na Abu Majid ne. Samarin suka ambaci makanike, makanike ya ambace ni.

A ofishin shurɗa na musanta. Na rantse da Allah ban taɓa ganin mutanen ba. Sai jami'in ya sa aka shigo da Habibu. Ya rame, gashi ya cika masa fuska. Jami'in ya juyo da kwamfuta ya ce madubin yana ɗaukar hoto da murya, kuma akwai wani da aka ɗauka ana magana da yaren da ba ya ji. Ya kunna. Ga lungunmu, ga tankin maƙwabta. Sai ga muryata, da Hausa, ina dariya: "To ɗan Abu Majid, yau ina uban naka? Kwana lafiya a can."

Jami'in ya tambayi Habibu ko ya san muryar. Habibu ya ɗago kai. Ni ya duba.

"Yaya, me na yi maka?"

Na ce wa jami'in muryata ce.

Alƙali ya yanke mini ɗauri, ya ce in na gama a fitar da ni daga ƙasar. An saki Habibu. Abu Majid da kansa ya je gidan Inna Rabi ya nemi gafararsa, ya mayar da shi aiki, daga baya ma ya taimaka masa ya yi aure. Kuna tsammanin da na ji labarin na yi murna? Kwana na yi ina juyi. Na ce wato ni na ƙara masa daraja da hannuna. Ina cikin kurkuku a kan laifin hassada, kuma hassadar nake ci gaba da yi.

Ina can hukuma ta fara rushe ɓangarenmu na Nakkasa. Wani da aka kawo daga unguwarmu ya gaya mini gidanmu ya tafi. Hankalina ya tashi, don Umma ba ta da kowa sai ni, ga ciwon ƙafa. Ranar ziyara aka kira ni, na tarar da Habibu. Wannan ne zuwansa na farko.

"Ina Umma?" na ce.

"Tana gidana. Ɗakin ƙasa na ba ta saboda ƙafarta. Matata ke kula da ita."

Na ce masa don me zai yi haka bayan abin da na yi masa. Ya ce, "Ita ba ta yi mini komai ba. Kai ma na yafe, amma Yaya, kada ka ce in manta, ba zan iya ba tukuna."

Da na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke mini hukunci. Na gane da burina ya cika, da Habibu aka kora, kuma da yau Umma ba ta da inda za ta sa kanta. Wani dattijo ɗan Nijar da muke ɗaki ɗaya ya ji labarina, ya ce in riƙa yi wa Habibu addu'ar ƙarin arziki bayan kowace sallah, ko da bakina ba ya so. Da farko kamar ina tauna ƙasa. A hankali ya yi sauƙi.

Da wa'adina ya cika aka kai ni gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka sa ni jirgi zuwa Kano, garin da ban taɓa gani ba. 'Yan uwan mahaifina suka karɓe ni ba don sun san ni ba. Yanzu ɗinki nake yi a shagon wani, yara na dariyar Hausata don Larabci ya yi mata yawa. Umma ta rasu a gidan Habibu. Shi ya ɗauki gawarta zuwa Harami aka yi mata sallah, ni kuwa ta waya na ji.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ciwon ya warke sarai ba. Wani lokaci Habibu ya turo hoton 'ya'yansa, sai in ji abin ya motsa. Bambancin shi ne yanzu na san shi, ina jin sa nake neman tsari in yi wa yaran addu'a.

Ku matasa, musamman ku da aka haifa a Makka kuke zaune a kan takardar iƙama, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Kada ku ɗauki abin wani, ko caja ce. In an zaɓi ɗan uwanku an bar ku, ku tambayi kanku dalili kafin ku zarge shi. In kun ji zuciyarku tana ƙuna don an yabi wani, ku gaya wa babba, ku yi wa wanda aka yaba addu'a, kada ku bar abin ya kwana a cikinku yana girma. Ni na bar nawa ya girma. Ga ni da rai da lafiya, amma ban san ko zan ƙara taka garin da aka binne iyayena ba.